Keken Safwan Ba Shi da Birki

"Wai da Shaiɗan ya yi tsere."

"Da wa?"

"Da Shaiɗan na ce miki. A Atlanta. Kuma wai shi ya ci."

"A'uzu billahi! To shi Shaiɗan ɗin a kan me ya zo? A kan keke shi ma?"

"Oho. Ni dai ɗana ne ya ji daga bakinsa. Debul ya ce. Debul kuwa ko a wane gari Shaiɗan ne."

"Ai dama. Yaron da har gashin ƙafarsa yake askewa kamar amarya."

"Ke, sassauta murya. Uwar tana kicin."

Uwar tana kicin ɗin kuwa, a tsaye kan tanda, da cokali a hannu. Gidan suna ne, a ɗaya daga cikin benayen haya da ke bayan titin Wendover, inda bangon ɗaki bai fi kwali kauri ba. Duk abin da aka faɗa a falo ya iso kunnen Anti Turai tas. Ba ta leƙa ba, ta san muryoyin. Wainar da ke kan wuta ce kawai ta ƙone, abin da Hausawan Greensboro ba su taɓa gani ba tun da ta fara toya musu.

Turai 'yar Malumfashi ce, 'yar wani tela a bakin kasuwa. Fara ce sol, shi ya sa kakarta ta laƙaba mata sunan. Da ta tashi biyo mijinta Amurka a ƙarshen shekarun saba'in, ƙawayenta suka ce jirgi ne ya yi kuskure ya wuce da ita tasharta. Mijin, Malam Jafaru, karatun noma ya kawo shi jami'ar da ke gabashin gari. Ya gama, ya samu aikin gwajin ƙasa, suka kama ɗan ƙaramin gida tsakanin wata coci da shagon aski. Ciwon hanta ya ɗauke shi a 1988. 'Yan'uwa suka aiko ta koma gida, ta ce sai yaron ya gama makaranta. Ta samu aiki a wani sito a Wendover, tana wuni a kan keken ɗinki tana kalmasa bakin labule. Asabar da Lahadi kuma waina da dambun nama, ga 'yan karatu masu kewar gida, ga masu suna. Mota ma dole ce ta koya mata, don Greensboro ba garin ƙafa ba ne. Duk wanda ya taɓa bin bayanta a titi ya san ta: jar fitilar bayan motarta ba ta mutuwa, don ƙafarta ɗaya kullum tana kan birki, ko da hanya fayau take.

Yaron, Safwan, shi ne ɗan fari, kuma shi ke nan Allah ya ba ta. Turai ta ƙetaro teku da alkunyarta a ƙulle, ba ta zubar da ko kaɗan a hanya ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Kai" take ce masa, in kuma da wani take magana ta ce "wannan" ko "mutumin". Malaman makarantarsa sun daɗe suna zaton ba ta jin Turanci, don in suka tambaye ta sunan ɗanta sai ta sunkuyar da kai ta nuna shi da baki. Shi kansa yana ƙarami ya taɓa tambayar ubansa ko Mama ta manta sunansa ne. Malam Jafaru ya yi dariya har da hawaye.

Keke kuwa da rabon jarida ya fara. Daga nan ya samu aiki a shagon kekuna, daga nan ya shiga bin wasu mutane duk Lahadi zuwa Summerfield, su yi ta gudu a gefen gonakin dawakai su dawo da ƙwari a haƙora. A can wani tsohon koci, Mista Alston, ya gan shi. Turai ta ji sunan sau ɗaya ta mayar da shi Malam Alasan, kuma haka ya zauna. Shi ya riƙa ɗaukar yaron zuwa wani filin tsere kusa da Atlanta, tunda Greensboro ba ta da irinsa. Sai kofuna suka fara shigowa gida, da lambobi masu igiya. Ba ta tambayi na mene ne ba, tambayar ma ai rashin kunya ce. Ta wanke ɗaya ta zuba allurai da maɓallai, ta wanke wani ta zuba yajin daddawa.

A farkon zafin 1994 magana ta girma. Malam Alasan ya samo wa Safwan gurbi a Pennsylvania, inda masu neman gasar ƙasa ke haɗuwa su yi atisaye har zafi ya fita, kuma tafiyar za ta ci masa zangon karatu guda. Shekarunsa goma sha tara, a dokar garin ba ya bukatar iznin kowa. Amma ya ce wa kocin ba inda za shi sai uwarsa ta ce ya je, ta sa masa albarka. Haka ubansa ya bar shi. Kocin ya ce zai riƙe gurbin zuwa ƙarshen wata, in shiru ya ba wani. Turai kuwa ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ba ƙi take yi ba. Ita dai ba ta iya sa albarka a kan abin da ba ta san kansa da gindinsa ba, bakinta ne ba ya buɗuwa.

Da ta dawo daga sunan ta same shi a falo, ya ɗora ƙafafu a kan kujera, yana cin taliya daga cikin tukunya.

"Kai."

"Na'am, Mama."

"Da wa ka yi tsere a Atlanta?"

Ya fara jero mata sunayen Turawa.

"Ban da su. Shaiɗan fa?"

Taliya ta sarƙe shi. Ya yi tari, ya yi dariya, ya sake tari. Ita ko gezau.

"Mama, ka gane..."

"Ni ce ka?"

"Ki gane. Sori. Sunan res ɗin ne kawai, tseren. Muna da yawa a ciki. Kowane zagaye, wanda ya zo las, na ƙarshe, sai a cire shi. Sai a ce Shaiɗan ya ɗauke shi."

"Ya kai shi ina?"

"Ba ko'ina. Ya je ya zauna ya sha ruwa."

"To kai da ka ci, kai ne wanda Shaiɗan ya ƙi ke nan."

Ya yi tunani. "Kusan haka."

"To alhamdu lillahi da wannan dai." Ta zauna a hannun kujera ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa. Abu ɗaya ta kama ta riƙe gam: na baya shi ke shan wuya, lafiya tana gaba. Wannan ko a Malumfashi haka ne. "Kuma in kun tashi ina kuke zuwa?"

"Zagaye muke yi."

"Ku tashi daga ina?"

"Daga layi."

"Ku ƙare a ina?"

"A layin."

"Layin da kuka tashi?"

"Shi."

A garinsu wanda ya hau keke yana da wurin zuwa, ko gona, ko kasuwar Dayi, ko asibiti. Wanda ya hau ya dawo inda ya tashi yana haki, kuma aka ba shi kofi, ba ta san sunan da za ta kira shi da shi ba.

"Mama, maganar Pennsylvania."

"Na ji ka. Wanke tukunyar nan."

Washegari ba ta da aiki a sito. Yana fita makaranta ta tura ƙofar ɗakinsa. Kekunansa biyu ne. Na yawo yana jingine a baranda kamar kowane keke. Ɗayan, shuɗi, yana rataye a bango saman gado, inda mutanen kirki ke rataye hoton iyaye. Ta sa hannu biyu za ta sauke shi, sai ya taso mata a hannu ɗaya, bai fi faranti nauyi ba. Turai ba ta taɓa hawa keke ba, amma ta san keke, ita ke wanke na babanta duk Juma'a. Keke yana da kariya, yana da fitila, yana da ƙararrawa. Wannan tsirara yake. Ta shafa wurin riƙon, wanda ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Ta durƙusa ta leƙa tayar gaba, ta leƙa ta baya.

Babu birki.

Ko dai an cuci yaron an sayar masa da abin da ba a gama ba, kunya ta hana shi faɗa, ko kuma shi ya cire don rawar kai. Ko wanne ne, yanzu ta gane abin da ya ɗaure mata harshe duk kwanakin nan. Zuciyar uwa ce ta hango abin da ido bai gani ba. A sa birki, ta sa albarka, kowa ya huta. Ta naɗe keken a tsohon labule ta cusa a bayan mota.

Maazou mutumin Maraɗi ne, yana da gareji a titin East Market. Shi ke canza mata birkin mota, kuma ya sha cewa da yana da irinta goma da ya gina bene. Kafin ya zama bakanike, gyaran keke ya fara yi a gindin wata bishiya a garinsu. Ya warware labulen, ya zagaya keken, ya riƙe haɓa.

"Hajiya, wanga belon ba a ida shi ba."

"Abin da na ce ke nan."

"Anasara sun saida ma yaro rabin kaya. Duba, ko ramin da za a ɗaura birkin babu." Ya tura keken gaba, feda ta juyo da kanta ta daki ƙwaurinsa. Ya yi tsalle yana sosawa. "Bon! Ko firi bai yi! Taya ta juya, feda ta juya. Wa ya ƙera wanga, mahaukaci?"

"Za ka iya?"

"Ni? Hajiya, je ki sha inuwa."

Ta zauna a benci tana jin kukan injin huda ƙarfe, tana jin sanyi yana sauka a ƙirjinta. Maazou ya ciro birki daga wani tsohon keke a bayan garejin, ya goge shi da fetur, ya ɗaura. Da ya gama kuma ya ɗauko wata 'yar ƙararrawa mai hoton fure ya maƙala a gefe.

"Wagga gyara ce daga wurina. A gaida yaro."

Ta mayar da keken bangonsa, ta shiga kicin ta ɗora miyar taushe, wadda ya fi so. Ta ji shigowarsa, ta ji ya buɗe ɗaki. Shiru. Can sai ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, ƙirrin. Sai shiru kuma, mai tsawo, har ta rage wuta ta leƙo.

Yana zaune a ƙasa, keken a cinyarsa, ya sa ɗan yatsa a kan sabon ramin. Da ya gan ta sai Turanci ya ɓalle masa kamar famfo. Ba ta tsinci komai a ciki ba sai kalmar Asabar, da sunan Malam Alasan. Sai da ya ƙare ya nemo Hausarsa.

"Mama, wa ya huda?"

"Maazou. Ni na sa shi. Ba sai ka gode ba."

"Ba a yarda da birki a can ba."

"Wa ya hana?"

"Doka."

"Dokar wace ƙasa ce ta hana birki?"

"Mama, muna gudu kusa da kusa. Tayata a nan, tayar wani a nan." Ya haɗa yatsu biyu. "In ɗaya ya kama birki, duk na bayansa sun zube a kansa. Birkin shi ne haɗarin."

Ta dafa ƙofa. Tun da take ba ta taɓa jin an zagi birki ba.

"To da me kuke tsayawa?"

"Da ƙafa muke ragewa, kaɗan kaɗan, har ya gaji."

"Har wa ya gaji?"

"Keken. Ni. Duka." Ya share fuska da gefen riga. "Wannan ƙarfen gaban, tunda an huda shi, ba zan iya yarda da shi a kwana ba. Kuma Asabar akwai res." Ya ɗago ya dube ta, da idon da ba na fushi ba, wanda ya fi fushi ciwo. "Ba ki taɓa zuwa ba, Mama. Ko sau ɗaya. Iyayen kowa suna zuwa. Ba ki ma taɓa tambaya ba."

Ta ina za ta fara gaya wa ɗan Greensboro cewa rashin zuwan nan shi ne son? Miyar taushe ta kwana a tukunya ba wanda ya taɓa.

Maƙwabciyarta Yemima nas ce, 'yar Zonkwa, ita ta riƙe mata hannu a asibiti ranar da Malam ya cika. Turai ta ba ta labari ta kan shingen da ke tsakaninsu. Yemima ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti.

"Maman Safwan, gyaran gangar Auzinawa kika yi! Har da ƙararrawa?"

"Ke dariya ma kike. Abu ne ba kai ba gindi. A hau keke a yi ta takawa ba a je ko'ina ba."

"Ke fa? Ba keke kike takawa daga safe har yamma ba? Ina kika taɓa zuwa?"

"Nawa labule yake fitarwa."

"Nasa kofi. Ina kike zuba yajinki?" Yemima ta miƙe ta kakkaɓe zane. "Gani ya kori ji. Asabar ina of, ba aiki, ki shirya. Amma ni zan tuƙa. In ke ce, sai Talata mu isa."

"Uwa ta je kallon ɗan fari? A ce me?"

"A ce wa? Matan gidan suna? Ai sun riga sun aura masa Shaiɗan. Kin ƙetaro teku da kunya, to ki ƙarasa Atlanta da ita ma, ba ta da nauyi."

Da suka isa Atlanta, fili Turai ta yi zaton za ta gani, irin na ƙwallo. Sai ga wani ƙaton kwano na siminti an kafa a bayan unguwa, gefensa a miƙe kamar bango. A jikin bangon nan mutane ke wucewa a kan kekuna, a karkace, kamar ƙadangaru. Ta kama hannun Yemima ta nemi wurin zama can sama, kusa da shingen ƙarfe, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Ta hango yaron a tsakiyar kwanon, cikin wasu kaya da suka ɗame shi kamar fatar ganga, ta yi sauri ta kau da kai. Keken ta duba. Shuɗi ne har yanzu, amma ƙarfen gabansa ja ne, na aro. Duk filin nan ita kaɗai ta san dalili, amma ji take kamar kowa ita yake kallo.

Wani dogon tsoho baƙi mai hular rana ya hauro ya gaishe su da ladabi. Malam Alasan ne. Ya yi bayani, Yemima ta juya mata: yaron ya kai karon ƙarshe, su biyu suka rage, shi da wani jibgegen Bature ɗan Florida. Karo uku za su yi, wanda ya ci biyu shi ne gwani.

Aka riƙe musu kekuna a kan layi, aka ɗaure musu ƙafafu a jikin feda da maɗauri. Turai ta ce innalillahi a ranta: ba birki, kuma an ɗaure ƙafa. Aka busa usur. Ta runtse ido tana jiran su fita kamar harsashi. Da ta buɗe, suna nan kusa da inda ta bar su, suna tafiya kamar hawainiya. Baturen yana gaba, yana ta waiwaye kamar ɓarawon akuya. Safwan yana bayansa, ko a jikinsa.

Ta taɓo Yemima. "Sista, an fara?"

"Wai an fara."

Suka zagayo, yana baya. Ga hanya a buɗe ta dama, ga ta a buɗe ta hagu, ya ƙi wucewa. Jan ƙarfen nan ne, ta ce a ranta, na aro ne, ya riƙe masa taya, ni na jawo. Kuma da bakinsa ya gaya mata abin da ke samun na baya. Suna isowa daidai ƙasanta, abin ya fi ƙarfinta. Ta miƙe, mayafi ya zame.

"Safwan! Wuce shi! Allah ya sa ka gaba! Safwanu!"

Sunan ya fito ya faɗi a filin kamar an saki tangaran a siminti. Ita kanta sai da ta waiga ta ga wa ya faɗa. Yaron ya ɗago kai, ya gan ta, bakinsa a buɗe. Sai kawai ya danna feda ya wuce Baturen fuu.

Turai ta ɗaga hannu sama. Jama'a kuwa suka yi wani nishi gaba ɗaya, irin na an zubar da miya. Malam Alasan ya cire hula ya daki gwiwarsa da ita. Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Safwan yana gaba yana gudu kamar zai tashi sama, Baturen ya manne a bayansa kamar kaska. A kwanar ƙarshe ya fito ta gefe, ya wuce shi da ɗan abin da bai kai taya ba.

"Ya ci?"

"Ya faɗi."

"Shi da yake gaba tun ɗazu?"

Yemima ta juya ta tambayi wata mata mai kujerar naɗi da ke kusa da su. Suka daɗe suna magana, matar tana nuni da hannu.

"Wai na gaba iska yake tare wa na baya. Shi ya gaji, na baya ya huta a inuwarsa. Wai ba wanda ke son gaba sai a ƙarshe."

"To na gaba ya yi gaba, na baya sai labari fa?"

"A nan na gaba shi ne labarin."

"Amma ya ce min na baya ake cirewa!"

Yemima ta sake tambaya. "Wai wancan wani tseren ne daban."

"Duk a kwano ɗaya?"

"Duk a kwano ɗaya."

A karo na biyu Turai ta cusa bakin mayafi a bakinta ta cije. Wannan karon Safwan aka sa ya fara a gaba. Ya ja su a hankali, ya yi ta hawa bangon, ya yi ta hawa, har ya zo dab da shingen da take zaune. Sai ya tsaya. Cak. Baturen ma ya tsaya a bayansa. Ƙafafunsu a ɗaure, ba wanda ya taɓa ƙasa, ba wanda ya dafa komai, ga su a jikin bango kamar an zana su. Filin ya yi tsit. Tana ganin cinyarsa tana rawa, tana ganin gumi yana ɗiga daga haɓarsa, tana jin numfashinsa.

Ta zare mayafin kaɗan. "Me ya lalace?"

"Shhh. Wai ba abin da ya lalace."

"Tsere ne a tsaye?"

Ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Keken da ba shi da birki ya tsaya tsayuwar da motarta ba ta taɓa yi ba. Can tayar Baturen ta yi lilo, ya yi tangal-tangal, dole ta sa ya taka ya wuce gaba. Sai filin ya kaure da tafi. Ana tafa wa ɗanta don an wuce shi. Ta dubi Yemima, Yemima ma tafi take yi, alhali fuskarta ta nuna ba ta san dalili ba.

Ƙararrawa ta kaɗa. Safwan ya sulalo daga saman bangon kamar shirwa ta ga ɗan tsako. Kafin Turai ta gama salati ya kamo shi, ya jera da shi, ya bar shi. Da hayaniya ta lafa sai ta ga hannun rigar Yemima a hannunta, ya rabu da rigar.

Kafin karo na uku aka ba su hutu. Ya hauro da ƙafa, takalmansa suna ƙwas ƙwas a kan siminti, ya tsaya ta wancan gefen shingen yana haki. Malam Alasan ya biyo shi ya tsaya daga nesa kaɗan, hula a hannu.

"Mama, kin kira sunana."

Ta gyara mayafi tana kallon bishiyoyi. "Ban san wanda ya kira ba. Mutane sun yi yawa."

Yemima ta yi tari.

"Na ji ki. Ban ma san na wuce ba, ƙafata ce ta tafi da kanta."

"Wato ni na kayar da kai."

"Ba komai." Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. "In kina so ki sake kira. Amma bayan ƙararrawa."

Turai ta dubi kwanon. Gaskiya, da safe ma ta fi gane abin nan a kan yanzu. Da safe ta san gaba gaba ce, baya baya ce, birki kuma rahama ne. Yanzu ba ta san ko ɗaya ba. Abu ɗaya kawai ta gani da idonta: lokacin da yake tsaye a jikin bangon nan, duk filin yana rawar jiki, fuskarsa a kwance take, ta mutumin da ya san aikinsa. Ita ba ta san kan abin da gindinsa ba, amma akwai wanda ya sani, kuma nata ne.

"Ka gaya wa Malam Alasan kada ya ba kowa gurbin nan. Ka je."

Ya tsaya kamar bai ji Hausar ba. Sai ya juya zai kira kocin.

"Tsaya, ban gama ba."

Ta tattaro hannuwanta za ta sa albarkar, sai ta ji bakin ya sake ɗaurewa. Duk addu'o'in da ta gada na gaba ne. Allah ya sa ka gaba da tsara. Allah ya hana ka tsayawa. Allah ya kai ka inda za ka. Ta ga abin da ta farkon ta yi masa ɗazu, ta biyun da an karɓa da bai ci karon nan ba, ta ukun kuwa ina za shi, mutumin da ke ƙarewa a inda ya tashi? Lasifika ta fara kiran sunansa, ana ɓata shi da bakin Turawa. Ta zura hannu ta cikin shingen ta kama wuyan hannunsa, jiƙe da gumi.

"Bari su jira. Matso nan. Faɗa min da Hausa, a hankali, kada ka sa min Turanci. In na ɗaga hannu, me zan ce a ba ka? Gaba ko baya, tsayuwa ko gudu, kuma wanne ke zuwa kafin wanne? Jero min su daidai, kada in sake roƙo maka abin da zai kayar da kai."